Kuɗin kasuwa ya koma kasuwa: inda ƙarfin ƙaramar hukuma yake

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai gwamnonin jihohi 36, duk wata muhawara a kan ƙananan hukumomi ta koma tambaya guda: kason wata-wata ya fara shigowa kai tsaye, ko har yanzu sai ya biya ta gidan gwamnati? Hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta ya fito fili. A biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu a hannunsu, gwamna ba shi da hurumin riƙe shi, kuma majalisar da kantoma ke jagoranta ba majalisa ba ce a idon doka. Na yi murna da wannan hukunci, har gobe kuma ina goyon bayansa. Jan ƙafar da aka yi ta yi wajen aiwatar da shi abin takaici ne, haka ma dabarar da wasu jihohi suka ɓullo da ita, irin dokar da Anambra ta yi a watan Oktoba na shekarar, wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke da iko a kai.

Amma ko da gobe kowane ciyaman ya wayi gari da kuɗinsa cif a asusunsa, ba na jin tattalin arzikin karkara zai motsa saboda wannan kaɗai. Kaso 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya da ake ba ƙananan hukumomi, da kaso 35 na harajin kayan masarufi, kuɗi ne mai yawa, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Sai dai kafin ya iso an riga an gama da mafi yawansa. Albashin malaman firamare, albashin ma'aikatan sakatariya da na asibitocin sha-ka-tafi, fansho, kason masarauta, alawus na kansiloli. Abin da ya rage shi ake kira kuɗin aiki, kuma a wurare da yawa bai kai a gina hanya mai tsawon kilomita goma ba. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi damuna, kuɗin da ya sauko daga sama yana sa shugaba ya riƙa kallon sama. Ciyaman ɗin da kusan duk abin da yake kashewa daga Abuja yake zuwa ba ya buƙatar ɗan kasuwar garinsu ya ci riba. Ko kasuwa ta ci ko ta mutu, ƙarshen wata kasonsa zai zo.

Ikon da zai iya gina arziki yana nan a rubuce tun 1999, an dai bar shi ne ƙura ta rufe. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ce wajibi ne ƙaramar hukuma ta shiga cikin tsara tattalin arziki da bunƙasa yankinta, har ya umarci majalisar dokokin jiha ta kafa hukumar tsare-tsare saboda haka. Jadawali na huɗu kuma ya jera abin da yake nata: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, makewayin jama'a, hanyoyin cikin gari da na ƙauye, magudanan ruwa, kwashe shara, harajin gine-gine, lasisin kekuna da amalanke da kwalekwale, kula da shaguna da gidajen burodi da allunan talla. Dokar filaye ta 1978 ta ƙara mata wani babban makami: a wajen birane ita ke ba da takardar mallakar fili ta gargajiya, har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo. Wanda ya san karkarar Arewa ya san waɗannan su ne tattalin arzikin gaba ɗaya. Manomi yana buƙatar fili, hanya, kasuwa da mota. Makiyayi yana buƙatar burtali, mashaya da kara. Babu ɗaya daga ciki da ke hannun Abuja.

A je Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, a tsaya a bakin kara a ƙirga tireloli nawa ake lodawa shanu zuwa Kudu. A je Dawanau a ga riɗi da zoɓo da wake da ake ɗaurewa zuwa ƙasashen waje, ko Kwanar Gafan lokacin tumatir, ko Aliero lokacin albasa, ko Saminaka da kaka. Dukiyar da ke canja hannu a waɗannan wurare a rana ɗaya ta fi abin da wata ƙaramar hukuma ke samu daga Abuja a wata. Kuma kada wani ya ce ba a karɓar kuɗi. Ana karɓa. Kowace saniya da ta shiga kara an biya mata, kowane buhu da aka sauke an biya masa, kowace mota da ta yi lodi ta biya kuɗin tasha, mai rumfa ya biya, mai tebur ya biya, har matar da ta shimfiɗa buhu ta kasa kuɓewa sai an miƙa mata 'yar takarda.

'Yar takardar nan ita ce matsalar. Sau da yawa ba ta da lamba, ba ta da kwanan wata, an buga ta ne a wani shago a bayan tasha. Yaron da ya yage ta ya miƙa ba ma'aikacin hukuma ba ne, yaron wani ne da aka ba wa kwangilar karɓar kuɗin kasuwa saboda ya yi wahala lokacin zaɓe. Shi yana kai wa ma'aji wani ƙayyadadden abu a ƙarshen mako, sauran kuwa Allah ne kaɗai ya san inda ya shiga. Sannan a dubi kasuwar da kanta da damina. Ruwa ya kwanta tsakanin rumfuna, 'yan dako suna tattare wando suna ratsa taɓo da buhu a ka, motar masara ta kafe a mashigar kasuwa tun hantsi, direba da yaran mota suna cusa duwatsu ƙarƙashin taya. Babu makewayi, babu famfo, babu sito, babu ko fitila ɗaya idan magariba ta yi. Mahauci yana fiɗa a kan siminti da ya farfashe, yana sayen ruwa a hannun mai kura. Mutumin da ya shekara ashirin yana biyan kuɗin rumfa a irin wannan wuri, in ka ce masa haraji yana gina ƙasa, da wane ido zai kalle ka?

Saboda haka abin da nake kira a yi mai sauƙin faɗa ne. A yi doka a kowace jiha cewa wani kaso tsayayye na abin da aka tara a kasuwa, a ce rabi, ba zai bar kasuwar ba. A buɗe masa asusu na daban da sunan kasuwar. Masu sa hannu su haɗa da ma'ajin ƙaramar hukuma da wakilin da 'yan kasuwa suka zaɓa da kansu, sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugaban direbobi su zama shaidu. Duk ranar kasuwa a rubuta a allo a bakin ƙofa: ga abin da aka tara makon jiya, ga abin da ke cikin asusu, ga aikin da aka sa a gaba. Biya kuma ya koma ta waya ko ta na'urar POS, wadda yanzu babu kasuwar ƙauyen da ba a samunta. Ɗan kasuwa ba ya ƙin biya in ya ga kwalbati. Mutanen da suke haɗa kuɗi da kansu su ɗauki 'yan sintiri, su gina masallacin kasuwa, su yi wa ɗan'uwansu gudummawa idan gobara ta cinye masa rumfa, ba su ne za a koya wa amfanin tara kuɗi don aikin gayya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, a Katsina zamanin Sarki Dikko aka fara baitulmali, daga nan ya bazu sauran masarautu. En'e, wato hukumar sarakuna ta zamanin Turawa, tana da kasafin kuɗinta, da ma'ajinta, da ajiyarta. Da kuɗin En'e ta Kano aka yi aikin ruwan Challawa da wutar lantarkin birni, aka buɗe su a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. En'e ta gina asibiti, ta riƙe makarantu, ta kafa maɗaba'a, ta yi hanyoyi, duk daga haraji da jangali da kuɗin kasuwa da na kotu. Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Kakanninmu sun ba mu labarin yadda ake shanya magidanci a rana saboda haraji, yadda ake ƙirga wa Bafulatani shanun da ba shi da su, yadda mutane ke tsallake iyaka cikin dare don gudun dogarai. Wannan zalunci ne ya haifi jam'iyyar NEPU, shi ne kuma ya sa da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka hau mulki a 1979 suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna, talakawa suka yi ta murna. Sun yi daidai. Harajin kai, wanda ake ɗora wa mutum don kawai yana numfashi, ba shi da wurin zama a yau, kuma ba shi nake nema a dawo da shi ba. Abin da ya ɓace tare da shi, wanda ba a maye gurbinsa ba, shi ne igiyar da ta ɗaure aljihun hukuma da arzikin mutanen da take mulka. Gyaran 1976, wanda ya kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a faɗin ƙasa, ya zo ne a tsakiyar kuɗin man fetur, kuma tun daga lokacin kowa ya koyi jiran rabo.

Idan kasuwa ta samu asusu mai tsabta da tarihin shiga na shekara biyu ko uku, sai ƙofa ta biyu ta buɗe, wato bashi. Na san kalmar tana tsorata mutane, kuma da dalili. Amma akwai ayyukan da ba a yin su da tarin mako-mako. Sito na zamani da zai hana albasa ruɓewa, ɗakin sanyi na tumatir mai aiki da hasken rana, mayanka mai ruwa da magudana, gada a kan rafin da ke raba ƙauyuka goma da kasuwa duk damina, waɗannan sai an zuba kuɗi a dunƙule. Dokar kasuwar hannayen jari ta ƙasar nan ta yarda ƙaramar hukuma ta sayar da takardun lamuni, kuma an taɓa yi: a farkon shekarun 1990 ƙaramar hukumar Lagos Island ta tara naira miliyan 100 ta wannan hanya don gina kasuwar Sura. Ga kuma sukuk, wato lamuni na tsarin Musulunci marar kuɗin ruwa, wanda gwamnatin tarayya take gina hanyoyi da shi tun 2017, jihar Osun ma ta riga ta a 2013 ta gina makarantu. Wannan ya dace da mutanenmu da ke gudun riba, ya kuma dace da aikin kasuwa, domin akwai kadara a ƙasa da haya da ke fitowa daga cikinta. Alhazan Dawanau da na Kwari suna da kuɗin da za su saya, in sun yarda da wanda zai riƙe.

Sharaɗina a kan bashi ba ya lanƙwasuwa. Kada a ci shi sai don aikin da zai biya kansa. Kada a jinginar da kason Abuja, domin wannan albashin malami ne. Kada a ci shi don sayen motocin kansiloli, ko gyaran gidan ciyaman, ko rabon babura gab da zaɓe. Kuma majalisar kansiloli ta amince da shi a zaman da kowa zai iya shiga ya saurara. Ƙaramar hukuma ɗaya tana iya yi wa masu zuba jari ƙanƙanta, to babu abin da ya hana uku ko huɗu da ke kan hanya ɗaya su haɗa kai, kamar Kura da Garun Malam da Bunkure da suka haɗa noman rani a kan ruwan Tiga.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce ciyamomi za su cinye. Gwamnoni sun daɗe suna faɗar haka, suna kafa hujja da abin da ya faru zamanin Babangida, lokacin da aka riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, aka kuma miƙa musu firamare a 1991, malamai suka yi watanni babu albashi, har sai da aka dawo da cire kuɗinsu tun daga tushe. Gaskiya ne, ya faru. Darasinsa shi ne a kare albashin malamai da doka, a kuma sa ido. Amma wa ya kawo ciyamomin da ake kuka da su? Hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗawa. A zaɓukan 2024 jam'iyya mai mulki ta kwashe kujeru 44 cikin 44 a Kano, 23 cikin 23 a Kaduna, 27 cikin 27 a Jigawa, kuma haka abin yake kusan ko'ina, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da jihar. Wanda ya zaɓo mutum da hannunsa ba shi da bakin cewa mutumin ba abin yarda ba ne, saboda haka a bar masa jakar ya riƙe. Asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya kafa ya yi shekara 25 a hannun jihohi. Da riƙon gwamna yana hana ɓarna, da yanzu karkara ta zama abin kallo. Kuma satar da aka yi a kasuwar garinku, a gaban mutanen da suka san gidanku da surukanku, ta fi wuyar ɓoyewa a kan wadda aka yi a wani ofis a babban birnin jiha da sunan aikin haɗin gwiwa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a wurina. Ba kowace ƙaramar hukuma ce ke da Maigatari ba. Akwai waɗanda kasuwarsu ba ta wuce rumfa talatin ba, akwai kuma waɗanda 'yan bindiga suka tarwatsa, a Zamfara da gabashin Sakkwato da kudancin Katsina, inda kasuwanni suka yi watanni a rufe, manoma suka bar gonaki. A ce wa irin waɗannan su dogara da kuɗin shigarsu rashin imani ne. Nan ne kason tarayya yake da aikinsa na gaskiya, ya ɗaga wanda ba shi da shi. Jihohi ma doka ta daɗe da ɗora musu ba wa ƙananan hukumomi kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigarsu na cikin gida, abin da da wuya ka ji an yi. Ni ban ce a rage wa kowa kasonsa ba. Cewa na yi inda akwai arziki a ƙasa a bar shi ya yi aiki a wurin, kada ya bi ta aljihun 'yan kwangilar rasit.

Ta uku kuwa direbobi ne za su faɗe ta, kuma suna da gaskiya. Wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum zuwa Legas, ko tumatir daga Kano zuwa Fatakwal, ya san shinge nawa zai tarar, kowanne da gungume mai ƙusa da matasa riƙe da sanduna, kowanne da sunan wata ƙaramar hukuma. Idan ƙarin iko yana nufin ƙarin shinge, gara a bar mu yadda muke. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta haramta tare hanya don karɓar kuɗi, amma ga shi nan ana yi da rana tsaka. Wannan kuɗi ba ya gina komai, yana hawa kan farashin nama da na miya ne, talakan birni ya biya, manomi kuma a rage masa. Ƙaramar hukuma ta karɓi kuɗi a inda ta yi hidima, a kara da tasha da mayanka. Motar da ke wucewa a kan titin tarayya ba ta ci mata komai ba. Duk dokar da za ta ba ta rabin kuɗin kasuwa, ita ce kuma ya kamata ta ɗaure duk wanda ya kafa shinge da sunanta.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Jihohi ba kason wata kaɗai suka riƙe ba, sun kwashe hanyoyin kuɗin shigar ma masu tsoka. Manyan kasuwannin Kano irin Sabon Gari da Kantin Kwari gwamnatin jiha ce ke naɗa masu gudanar da su. Legas ta haɗe harajin gine-gine cikin harajin filaye na jiha tun 2001, wasu jihohi suka bi sahu. Allunan talla da manyan tashoshi su ma hukumomin jiha suka karɓe a wurare da dama. Wani lokaci akwai dalili, domin birni kamar Kano da ya kasu ƙananan hukumomi takwas ba zai yiwu kowacce ta yi nata tsarin shara da tasha ba. To in jiha ta karɓa don ta fi iya tarawa, sai ta bayyana nawa ta tara, ta mayar wa mai abu kasonsa a fili. Hukuncin Kotun Ƙoli bai taɓo wannan ba, domin ba shi aka kai mata ba.

Batun fili kuwa, wanda na ambata a sama, shi ne ikon da ba ya buƙatar ko sisi. Ƙaramar hukumar da ta auna burtalinta ta kafa masa alama, ta hana a nome shi, ta ware fili kusa da kasuwa ta ba masu injin casar shinkafa da masu matsar man gyaɗa da takarda a hannu, ta jawo musu ruwa da hanya, ta yi wa arzikin yankinta abin da rabon buhunan shinkafa na shekara goma ba zai yi ba. Abin da muke gani a maimakon haka shi ne yanka filin makaranta da na makabarta da na kiwo ana sayarwa, rikicin manomi da makiyayi kuma yana biyo baya. Rajistar fili da kowa zai iya dubawa a sakatariya, da sa hannun dagaci da hakimi, za ta rage wannan sosai.

Duk abin da na lissafa, ban da gyaran hukumar zaɓe, ba ya jiran gyaran kundin tsarin mulki. Majalisar dokokin jiha ce ke da alƙalamin, ita ke tsara yadda ƙananan hukumomi ke karɓar kuɗi da kashe shi, ita ce kuma sashe na 7 ya ɗora wa kafa hukumar tsare-tsaren tattalin arziki. 'Yan majalisar nan kowannensu daga wata ƙaramar hukuma ya fito, kuma lokacin kamfe a kasuwa yake tsayawa da lasifika. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na dillalan shanu, da mahauta, da direbobi, su ne ke biyan kuɗin, su ne kuma suke da yawan da ɗan siyasa ke jin tsoro. Su rubuta buƙatar a takarda ɗaya: rabin kuɗin kasuwa a asusun kasuwa, rasit mai lamba, allo a bakin ƙofa, a kuma cire shinge daga hanya. Su kai wa ɗan majalisarsu tun kafin ya zo neman ƙuri'a, su nemi ya faɗa musu ranar da zai gabatar da ƙudirin.